Malesiya: Ƙasar da Ke Renon Haziƙai, Maƙwabta Su Kwashe

Tun kafin kiran assalatu babura da motocin bas suke cika gadar da ta haɗa birnin Johor Bahru na Malesiya da tsibirin Singafo. Tsawonta kilomita ɗaya ne da 'yan kai, amma sama da mutum 300,000 ne ke bin ta kowace rana, galibinsu 'yan Malesiya masu aiki a tsallake. Waɗannan da daddare suna komawa gida. Maganarmu ta yau a kan waɗanda suka tsallaka ba su dawo ba ce.

A shekarar 2011 Bankin Duniya ya fitar da rahoto na musamman a kan wannan matsala. Ya ƙiyasta cewa 'yan Malesiya wajen miliyan ɗaya ne ke zaune a ƙasashen waje, kuma ɗaya cikin uku masu ilimin gaba da sakandare ne. A cikin duk mutum goma da suka yi karatu mai zurfi, biyu sun bar ƙasar. Fiye da rabin waɗanda suka fita suna Singafo, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ke Singafo ɗin 'yan asalin Sin ne, alhali a gida Sinawa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa ba. Idan ƙabila guda ta rinjayi masu fita haka, to akwai abin da ke tura su bayan neman albashi.

Asalin maganar tun zamanin Turawan Ingila ne. Sun buɗe ƙofa Sinawa suka shigo haƙar kuza, suka kwaso Tamilawa daga kudancin Indiya aikin gonakin roba, su kuma 'yan ƙabilar Malay, masu ƙasar, aka bar yawancinsu a ƙauye da noman shinkafa da kamun kifi. Kowace ƙabila da sana'arta, da unguwarta, da makarantarta. Ku lura kuma, ba duk Sinawan ne baƙin Turawa ba. A Malaka akwai gidajen da kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin Ingila ta sa ƙafa, kuma cikin waɗanda suka raya Kuala Lumpur tun tana sansanin mahaƙa akwai shugaban Sinawan garin, Yap Ah Loy.

Da aka zo karɓar mulkin kai a 1957 sai aka yi yarjejeniya. Sinawa da Indiyawa sun sami zama 'yan ƙasa, Malayawa kuma aka rubuta musu matsayi na musamman a sashe na 153 na tsarin mulki: a keɓe musu kaso a aikin gwamnati, da tallafin karatu, da lasisin kasuwanci. Kwamitin Reid da ya tsara kundin ya ba da shawarar a sake duba wannan tanadi bayan shekara 15. Ba a sa wannan wa'adi a kundin ƙarshe ba. Daga baya aka haɗa da 'yan asalin jihohin Sabah da Sarawak na tsibirin Borneo, aka kira su gaba ɗaya bumiputera, wato 'ya'yan ƙasa.

Ranar 13 ga Mayun 1969, kwana uku bayan zaɓen da 'yan adawa suka taka rawar gani, rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur. Hukuma ta ce mutum 196 suka mutu, mafi yawansu Sinawa. Aka dakatar da majalisa har zuwa 1971, kuma da ta dawo sai aka gyara doka ta yadda tada maganar soke sashe na 153 ya zama laifin tunzura jama'a, ko da a zauren majalisa ne. A wannan shekarar gwamnatin Tun Abdul Razak ta ƙaddamar da Sabon Tsarin Tattalin Arziki.

Dole a yi wa wannan tsari adalci, domin ciwon da ya zo magancewa na gaske ne. A 1970 kusan gida biyu cikin uku na Malayawa suna cikin talauci, a wajen Sinawa kuwa wajen ɗaya cikin huɗu. Hannun jarin kamfanonin ƙasar da ke hannun Malayawa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kaso mafi tsoka, sama da 60 cikin 100, ba ma a hannun Sinawa yake ba, yana hannun kamfanonin ƙetare ne. Tsarin ya sa wa kansa buri biyu: kawar da talauci ba tare da duba ƙabila ba, da kuma raba sana'a da ƙabila, har bumiputera su mallaki kashi 30 na hannun jari kafin 1990. Talauci ya sauko daga wajen rabin gidajen ƙasar zuwa kusan kashi 17 a 1990. 'Ya'yan manoman shinkafa sun zama likitoci da injiniyoyi da akantoci. Wanda ya musa wannan bai faɗi gaskiya ba. Sai dai 1990 ta zo ta wuce, an sake wa tsarin suna sau da dama, gatancin da ke bin haihuwa kuwa yana nan.

To, a ina ake rasa mutanen? Mafi yawa a shekara 17 zuwa 19, a ƙofar jami'a. Nan za mu ɗan tsaya.

Yaro ya gama sakandare ya rubuta jarrabawar SPM. Idan yana son jami'ar gwamnati mai sauƙin kuɗi, manyan hanyoyi biyu ne a gabansa. Ta farko ita ce kwalejin share fage da ake kira matrikulasi: shekara ɗaya, zango biyu, ma'aikatar ilimi ce ke shirya jarrabawarta. Kashi 90 na gurabenta na bumiputera ne, 10 na sauran. Ta biyu ita ce karatun babbar jarrabawar STPM, wata 18, zango uku, kowa na iya shiga, kuma malamai da ɗalibai sun daɗe suna cewa ta fi tsauri nesa ba kusa ba. Har zuwa 2002 akwai kaso a fili a jami'o'i, 55 na bumiputera, 45 na sauran. A shekarar aka ce an soke kason, cancanta kawai za a duba. Amma sakamakon hanyoyin nan biyu ana mayar da shi ma'auni ɗaya ne, mai ƙololuwar maki 4.0, a jera ɗalibai a layi guda. Wanda ya yi shekara ɗaya da wanda ya yi shekara da rabi a jarrabawa mafi wuya, makinsu ɗaya a takarda. Kason bai tafi ba, an dai mayar da shi baya da taki ɗaya, zuwa ƙofar matrikulasi. Shi ya sa duk shekara idan sakamako ya fito jaridu ke cika da labaran yaran da suka ci maki 4.0 cif amma ba su sami likitanci ko haɗa magunguna ko akanta ba, aka tura su kwas ɗin da ba su nema ba.

Akwai kuma jami'ar UiTM mai hedkwata a Shah Alam, wadda ta fi kowace yawan ɗalibai a ƙasar. Cikin 'yan ƙasa, bumiputera kaɗai take ɗauka. Amma tana ɗaukar baƙi a karatun digiri na biyu da na uku. Ma'ana ɗalibin da ya taso daga Kano ko Zariya, kamar yadda da yawa daga cikin namu ke zuwa Malesiya ƙaro ilimi, yana iya samun gurbi a can, amma ɗan Sinawa ko ɗan Indiyawan da aka haifa a Shah Alam, wanda iyayensa ke biyan harajin da ake tafiyar da makarantar, ba shi da ƙofa. A 2024, da aka tada maganar buɗe wani kwas guda na tiyatar zuciya ga likitocin da ba bumiputera ba saboda ƙarancin ƙwararru, ƙungiyar ɗaliban jami'ar ta kira a sa baƙaƙen kaya don nuna rashin amincewa.

Hanya ta uku ita ce ta makarantun sakandaren Sinawa masu zaman kansu, wajen guda 60, waɗanda al'umma ke ɗaukar nauyinsu da gudummawa. Suna koyarwa da harshen Mandarin, kuma tun 1975 suke da tasu jarrabawar, UEC. Manyan jami'o'in Singafo da Taiwan da Ostareliya da Birtaniya suna karɓarta. A gida kuwa an shafe shekaru gommai ana gardama a kan amincewa da ita don shiga jami'o'in tarayya. Jihar Sarawak ta amince da ita a nata hurumin. Masu ƙin ta suna cewa tana raunana harshen ƙasa, kuma hujjarsu tana da nauyinta. Amma sakamakon a aikace shi ne, yaron da ya bi wannan hanya tun yana ɗan shekara 13 an riga an nuna masa filin jirgi.

Ita kuma Singafo ba zaune take tana jira ba. Ta gina hanya mai matakai, kuma kowane mataki yana ƙara ɗaure mutum.

Ma'aikatar iliminta tana ba da tallafin karatu na ƙasashen yankin tun daga sakandare: a yi wa yara jarrabawa da ganawa, wanda ya ci a biya masa makaranta da ɗakin kwana da kuɗin kashewa. Idan ya kai jami'a sai a ba shi rangwamen kuɗin makaranta bisa sharaɗin zai yi wa kamfanin da ke da rajista a Singafo aiki na shekara uku bayan ya gama. Shekara ukun nan su ne ƙashin bayan tsarin. A cikinsu yake samun aikin farko, ya saba da albashin dalar Singafo, ya nemi takardar zama ta dindindin. Da zarar ya samu sai a fara tara masa kuɗi a asusun ajiyar ma'aikata na ƙasar. Sai aure, sai gida, sai yara a makaranta. Ɗansa namiji idan ya girma da takardar dindindin zai yi hidimar soja ta shekara biyu. Mataki na ƙarshe shi ne fasfo, kuma daga Malesiya har Singafo babu wadda ta yarda babban mutum ya riƙe fasfo biyu. Duk wanda ya karɓi ɗaya ya ajiye ɗayan ke nan. Malesiya ta biya kuɗin haihuwarsa da rigakafinsa da firamarensa, Singafo ta karɓe shi daidai lokacin da zai fara biyan haraji. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maganar kuɗi ma ba ƙarama ba ce. Har zuwa 1973 kuɗin ƙasashen biyu darajarsu ɗaya, ana karɓar kowanne a kowane gefe. Yau dalar Singafo ɗaya ta haura ringgit uku, wato kuɗin Malesiya.

Sunayen waɗanda suka fita sanannu ne. Hock Tan, shugaban kamfanin Broadcom na Amurka, haifaffen Penang ne. Pua Khein-Seng ɗan garin Sekinchan ne, garin manoman shinkafa, ya tafi Taiwan karatu, can shi da abokansa suka kafa kamfanin Phison, wanda ya yi suna wajen ƙera ƙwaƙwalwar filashin ajiyar bayanai da muke sokawa a kwamfuta. Khaw Boon Wan, shi ma ɗan Penang, ya zama ministan lafiya na Singafo. Kamfanin Grab a Kuala Lumpur aka haife shi a 2012 da sunan MyTeksi, bayan shekara biyu ya mayar da hedkwatarsa Singafo. Kowannensu da nasa dalilin, ba za a ce duk wariya ce ta kore su ba. Abin dubawa shi ne inda ayyukan da harajin suka sauka.

Wanda ya zauna gida kuma, me yake tararwa? A aikin gwamnati wajen tara cikin goma bumiputera ne, kuma 'ya'yan tsiraru da yawa ba sa ma nema, don sun ɗauka ƙarin girma zai tsaya a wani mataki. A sayen gida, bumiputera na samun ragi, daga kashi 5 har zuwa 15 gwargwadon jiha, ko attajiri ne mai sayen katafaren gida. A masana'antu, dokar 1975 ta ɗaura lasisi da ba bumiputera kashi 30 na hannun jari. Daga nan aka sami abin da su da kansu suke kira Ali Baba: Ali ya karɓo lasisi ko kwangila da sunansa, Baba, wato ɗan kasuwar Sinawa, ya yi aikin, a raba riba. Ali bai koyi sana'ar ba, Baba bai mallaki kasuwancinsa ba, farashin kwangilar kuma ya hau kan talaka. A 2009 firaminista Najib Razak da bakinsa ya ce daga hannun jarin ringgit biliyan 54 da aka keɓe wa bumiputera, biliyan 2 kacal ya rage a hannunsu. Sauran an sayar, sau da yawa da wuri, domin wanda aka ba haja a farashi mai rahusa riba ce a gare shi ya juya ta nan take.

Amma abin da ya fi ci wa mutane rai ba ya cikin lissafi. Shi ne a kira ka baƙo a garin da aka binne kakan kakanka. A 2005 shugaban matasan jam'iyyar UMNO ta Malayawa mai mulki a lokacin, Hishammuddin Hussein, ya zare wuƙar gargajiya ta Malayawa a taron jam'iyya, daga baya a 2008 ya nemi afuwa. A 2008 ɗin wani shugaban reshen jam'iyyar a Penang ya kira Sinawan ƙasar baƙi 'yan ci-rani, aka dakatar da shi shekara uku. Bayan zaɓen 2013 jaridar Utusan Malaysia ta buga a shafin farko tana tambaya, me kuma Sinawa suke so? Duk wanda aka haifa a wani gari a Najeriya, ya yi makaranta a nan, ya je neman takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma aka ce ya koma garin kakansa da bai taɓa gani ba, ya san yadda wannan ke zama a ƙirji. Da Bankin Duniya ya tambayi wasu 'yan Malesiya mazauna waje, wajen mutum 200, dalilan da ke sa a fita, kashi 66 suka ambaci damar ci gaba a aiki, 60 suka ambaci rashin adalci a zamantakewa, 54 suka ambaci albashi. Mutanen ba su da yawa, don haka kada a ɗora wa alƙaluman nauyin da ya fi ƙarfinsu. Duk da haka rashin adalci ya zo gaba da kuɗi.

Akwai ɗaya gefen kuma, wanda masu sukar gwamnati kan tsallake. Masana biyu, Lee Hwok Aun da Muhammed Abdul Khalid, sun aika takardun neman aiki na gwaji sama da 3,000 zuwa kamfanoni masu zaman kansu masu neman injiniyoyi da akantoci, wasu da sunayen Sinawa wasu da na Malayawa. Masu sunayen Sinawa an kira wajen kashi 22 ganawa, masu sunayen Malayawa wajen kashi 4. Tazarar ba ta gushe ba ko da makin jami'a ya yi daidai. Ga yadda abin ke juyawa: gwamnati ta fifita Malayawa a jami'a, sai kamfani ya riƙa shakkar takardar duk wani ɗan Malay har da wanda ya ci da guminsa, sai matashin Malay ya ga ba shi da mafaka sai gwamnati, sai ya ƙara riƙe gatancin da hannu biyu, sai ɗan Sinawa ya ƙara ganin ba shi da rabo. Kowane ɓangare yana da shaidar gaske cewa ana zaluntarsa, kuma 'yan siyasar ƙabila da wannan suke cin zaɓe.

A 2011 gwamnati ta kafa hukumar TalentCorp don jawo ƙwararru gida. Tayin shi ne harajin kashi 15 kacal na shekara biyar, da sassaucin haraji a kan mota. Waɗanda aka amince wa 'yan dubbai ne, alhali waɗanda ke waje dubban ɗaruruwa ne. Dalilin gazawar a fili yake. Likita ɗan shekara 40 mai 'ya'ya biyu ba harajinsa yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce, idan 'yata ta kai 17, wace ƙofa za a buɗe mata? Ragin haraji na shekara biyar ba ya amsa wannan. Mata kuma suna da ƙarin cikas: macen Malesiya da ta auri baƙo ta haihu a waje ba ta iya ba ɗanta zama ɗan ƙasa kai tsaye kamar yadda namiji ke iyawa, sai a 2024 majalisa ta amince da gyaran wannan sashe.

Masu iya fita ma su ne masu sa'a. Jikokin Tamilawan gonakin roba, waɗanda aka sallama daga gidajen gona lokacin da aka sayar da filayen aka yi rukunin gidaje, ba su da gatancin bumiputera, ba su da jarin 'yan kasuwa, ba su da kuɗin jirgi. Su ne suka cika titunan Kuala Lumpur a zanga-zangar ƙungiyar kare haƙƙin mabiya addinin Hindu, Hindraf, ta Nuwamban 2007, aka tarbe su da barkonon tsohuwa da ruwan feshi. Mutanen Orang Asli, waɗanda suka riga kowa zama a yankin, sashe na 153 bai ambace su ba. Talakan Malay na ƙauyen jihar Kelantan kuwa, ragin sayen gida da rabon hannun jari ba sa isa gare shi, domin sai mai kuɗin saye ake yi wa ragi.

Yanzu har Malayawa sun shiga layin fita, musamman likitoci da ma'aikatan jinya. Tun ƙarshen 2016 ake ɗaukar sababbin likitoci da kwantiragi maimakon aikin dindindin, ba tabbacin samun horon ƙwarewa, har suka yi yajin aiki a Yulin 2021. Hanyar da 'ya'yan tsiraru suka share zuwa asibitocin Singafo da Ostareliya da Birtaniya, yau kowa na bin ta.

An yi yunƙurin gyara. A 2009 Najib ya cire sharaɗin kashi 30 a wasu sassan kasuwanci 27, a 2010 kuma aka gabatar da shirin mayar da tallafi kan buƙata maimakon ƙabila, ƙungiyar Perkasa mai kare gatancin Malayawa da wasu jiga-jigan jam'iyyarsa suka taso, shirin ya yi sanyi. A 2018 gwamnatin Mahathir Mohamad ta yi alƙawarin sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariyar launin fata, ta janye cikin wata biyu, duk da haka dubban mutane suka yi gangami ranar 8 ga Disamba. A 2019 aka ƙara guraben matrikulasi daga 25,000 zuwa 40,000, aka bar rabon 90 da 10 yadda yake. A 2024 firaminista Anwar Ibrahim ya sanar cewa duk ɗalibin da ya ci makin A a darussa goma a SPM zai sami gurbin matrikulasi ko wace ƙabila ce. Wannan ya taimaki yaran da ke can ƙololuwa, kuma su ɗin ne dama Singafo ke zawarci. Yaron da ya ci A takwas, ɗan direban tasi a Ipoh ko ɗan mai wankin kaya a Klang, har yanzu a cikin kashi 10 ɗin nan yake neman wuri, idan bai samu ba kuma sai STPM, ko bashin jami'a mai zaman kanta, ko takardar neman tallafi daga wata ƙasa.